Zauren Malamai: Inda makin Turanci ke zubewa a mutawassiɗ

Wasiƙun wannan watan kusan duk daga Saudiyya suka zo, kuma bakinsu ɗaya: jarrabawar Turanci ta ƙarshen zango a mutawassiɗ, wato ajujuwa uku da ke tsakanin ibtida'i (firamare) da sanawi (babbar sakandare). Malaman Turanci da ke riƙe da wannan shafi sun zaɓi shida. Mun rage tsawon wasu saboda wuri.

Assalamu alaikum, Malamai. Ɗana yana aji ɗaya na mutawassiɗ, saura mako shida a fara jarrabawa. Ni Hausar boko kawai nake karantawa, sai Alƙur'ani, Turanci ko sannu ban sani ba. Mahaifinsa ba ya dawowa sai dare, kuɗin mai darasin gida kuma ya fi ƙarfinmu. Akwai abin da zan iya yi masa, ko in zuba wa sarautar Allah ido?
Wata uwa, Misfala, Makka

Wa alaikumus salam, Hajiya. Akwai, kuma ba kaɗan ba. Duk mai karanta Hausar boko ya riga ya san haruffan Turanci, in ban da huɗu: p, q, v da x. Ya saba da rubutu daga hagu zuwa dama, ya san babban baƙi da ƙarami, ya san aya da waƙafi. Waɗannan kuwa su ne duwatsun da yaron da ya tashi da alƙalamin Larabci ke tuntuɓe da su. Ba sai kin san ma'anar jimla ba kafin ki ga ta fara da ƙaramin baƙi, ko ta ƙare ba aya. Abu ɗaya kawai: kada ki karanta masa kalmomin da bakinki, don c ɗinmu na "ciki" ba shi ne c ɗinsu ba, nasu wani lokaci k ne, wani lokaci s. Aikinki na ido ne.

Ki fara da sanin takardar. Littafin da ake karantawa shi ne Super Goal, daga cikinsa malami ke ciro tambayoyi. Takardar galibi kashi biyar ce: gajeren insha'i da ake ba yaro kalmomin taimako, nassi da tambayoyin auna fahimta, nahawu, kalmomi inda ake haɗa kalma da hoto ko a cike gurbi, sai ƙa'idar rubutu inda ake zare harafi daga kalma a ce ya mayar. Ta saurare a kan yi ta daban, kafin makon rubutu. Ki sa shi ya tambayi malaminsa daga wane babi zuwa wane babi za a shiga, da makin kowane kashi, ya rubuto a bangon littafi. Wannan tambayar ta ƙara muhimmanci yanzu, domin daga shekarar karatu ta 2025/2026 an koma zango biyu, bayan shekara huɗu ana zango uku. Takardun bita da yawa da ke yawo a WhatsApp a kan tsohon rabo aka yi su, sai yaro ya yi mako yana haddar babin da ba za a tambaye shi ba, ya bar wanda za a tambaya.

Lokaci kuma yana hannunki. A kalandar Ummul Ƙura, wadda Saudiyya ke bi, minti 90 ne tsakanin Magariba da Isha, sai a Ramadan ne yake zama awa biyu. Ki yanki 30 daga ciki, Lahadi zuwa Alhamis: goma na kalmomi, goma na atisayen nahawu daga littafin aiki, goma ya rubuta jimla biyar da kansa. Juma'a hutu. Asabar ya zauna a tebur ya amsa cikakkiyar takardar gwaji, waya tana wani ɗakin, ke kina riƙe da agogo.

Minti goman kalmomin nan naki ne. Ki samo ambulan uku, ki yanka kwali girman katin iƙama, wato katin izinin zama. A gaba ya rubuta kalmar Turanci, a baya ma'anarta da Larabci, ya sa mata wasali don ki iya karantawa. Kalma takwas sababbi a rana, kada su wuce. Ke za ki faɗi ma'anar, shi ya rubuta Turancin a takarda, sannan ki juya katin ki gwada harafi da harafi. Rubutawa zai yi, ba faɗa da baki ba, domin a ɗakin jarrabawa alƙalami ake tambaya. Wadda ya samu ta tafi ambulan na biyu, wanda ake buɗewa bayan kwana uku. In ya sake samu ta tafi na uku, na ranar Asabar. Duk wadda ya faɗi, ko daga ina take, ta dawo na farko, wanda ake buɗewa kullum. A mako biyar kin bi da shi ta kan kalma 200, mako na shida ba sabuwa, sai bita. Wani Bajamushe, Sebastian Leitner, ne ya yaɗa dabarar a 1972, amma wanda ya yi makarantar allo ya san ta tun kafin nan: allon da aka wanke ba a yi masa tilawa ba, ya tafi da ruwan.

Allah ya gafarta Malamai. 'Yata tana aji biyu. Ƙa'idojin nahawu tana kawo su da ka kamar Fatiha, amma in takarda ta dawo sai ka ga jan biro ko'ina. Ga huɗu daga abin da malamarta ta ja wa layi: "My father driver." "She go to school by bus." "Did you went to the market?" "This is our car. She is white." Ina matsalar take?
Wani uba, Jidda

Alhaji, ka kyauta da ka turo jimlolin, don sun fi kowane bayani. Yarinyar ba sakarci ke damunta ba. Harsuna biyu ne ke ja mata alƙalami ta ƙasa, kuma kowace jimla a nan tana nuna wanda ya ja.

Ta farko Larabci ce sanye da rigar Turanci. Balarabe zai ce "abi sa'iƙ", kalma biyu, ba aikatau, kuma jimla ta cika. Turanci ba ya yarda da jimla marar aikatau. A nan Hausa ce za ta cece ta: mu "Babana direba ne" muke cewa. Ka koya mata cewa a irin wannan jimla, inda Hausa ta sa "ne" ko "ce", Turanci na neman am, is ko are, sai dai namu a ƙarshe yake zama, nasu a tsakiya. Akwai kuma kuskure na biyu da ya ɓuya a ciki: sana'a in ta mutum ɗaya ce sai da a ko an. Daidai shi ne "My father is a driver."

Ta biyu ita ce ta fi cin makin yara a duk mutawassiɗ. A Hausa aikatau ba ya motsi, wakilin suna ne ke canzawa: nakan tafi, takan tafi. A Larabci canjin a goshin kalma yake: azhabu, tazhabu. Turanci kuwa a wutsiya yake liƙa s, kuma ga he, she da it kaɗai. Ga wani abin da ke ƙara rikita yaro: an koya masa s alamar jam'i ce a suna, sai ya ga ai mutum ɗaya ba ya bukatarta. Hadda ba ta maganin wannan, sai juyi. Ta rubuta jimla goma da I a kan abin da take yi kullum, sannan ta mayar da su duka she. Ta kula da masu ɗaukar es, irin su go, do, watch, wash, fix, da masu sauya y, study ta zama studies amma play ta zama plays saboda wasalin da ke gaban y ɗin. Have kuma has take zama. Da zarar does ko doesn't ta shigo, s ɗin ya bar aikatau: "She doesn't go."

Ta uku da wannan uwa ɗaya uba ɗaya suke. Kaya ɗaya ne, mutum ɗaya ke ɗauka. In did ta ɗauki shuɗaɗɗen lokaci, aikatau ya koma yadda aka haife shi: "Did you go?" Aikatan da ba sa bin ƙa'idar ed kuma, kada ta haddace su a jere daga a zuwa z. Ta tara su dangi-dangi, biyar a rana: buy, bring, think masu komawa bought, brought, thought; drink, sing, swim masu komawa drank, sang, swam; cut, put, hit waɗanda ba sa canzawa sam. Kowanne ta sa shi a jimla mai yesterday.

Ta huɗu kuwa harsunan biyu ne suka haɗa baki. Mota mace ce a Hausa, sayyara mace ce a Larabci, to me zai hana yarinya ta ce she? Abin da ba mutum ba it ne, in suna da yawa they.

A tambayoyin canki-canka, kafin ta dubi zaɓin ta nemi kalmar da ke nuna lokaci ta ja mata layi. Every day, usually da always suna kiran lokacin sabo. Now da at the moment suna kiran am, is ko are da aikatau mai ing. Yesterday, last da ago na shuɗaɗɗe ne. Tomorrow da next na will ne ko going to. Sannan ka saya mata ƙaramin littafi, ta raba kowane shafi gida uku: abin da na rubuta, daidai, dalili. In kuka duba bayan mako biyu za ku tarar kurakuran ba su wuce iri biyar ko shida ba, su ne dai ke ta sauya riga. Wannan littafin za ta karanta daren jarrabawa, ba takardar bitar da aka saya a kantin littattafai ba.

Malamai, ina wuni. Ina aji uku. Mukan haddace insha'in da aka ba mu mu zuba shi a takarda. Amma in na manta kalma ɗaya sai komai ya tsaya, in kuma aka ɗan sauya take sai in rasa ta cewa. Yaya zan yi?
Ɗaliba, Madina

Lafiya lau, 'yarmu. Insha'in da aka haddace carbi ne, zare ya tsinke a wuri ɗaya duk 'ya'yan sun watse. Ki daina haddace sakin layi, ki haddace ƙirarsa.

Da kin ga take, tambayar farko ita ce wane lokaci yake nema. Tafiyar da kika yi ta wuce, to duk aikatau shuɗaɗɗe ne. Yadda kike tafiyar da yininki sabo ne. Hutu mai zuwa going to ne. Ki rubuta wannan a gefen takarda da fensir, don yara da yawa sukan fara da went su ƙare da go ba su sani ba. Daga nan jimlar buɗewa ɗaya mai ɗauke da take, sai jimla huɗu ko biyar, kowace ta ɗauki ɗaya daga kalmomin taimakon da aka bayar, ki soke kalma da kin yi amfani da ita, sai ta rufewa ɗaya mai faɗin ra'ayinki. Kowace jimla ta bi layi ɗaya: wa ya yi, me ya yi, a ina. Lokaci a farko ko a ƙarshe. Dubi wannan: "Last summer I went to Taif with my family." Cire Taif ki sa Abha, cire family ki sa friends, cire last summer ki sa next week ki mayar da went ta zama am going to go. Jimla ɗaya ta haifi goma, kuma ba take da zai zo miki baƙo.

Larabci yana son doguwar jimla da ake ta ɗaurawa da harafin wawun, wato and ɗinsu, har sakin layi guda ya tafi ba aya. A Turanci wannan asara ce, kuskure ɗaya ya ɓata layi huɗu. Kalma shida zuwa goma sun isa jimla, and sau ɗaya tak a cikinta. Ki jera labari da First, Then, After that, Finally, ki sa because sau ɗaya da but sau ɗaya, mai gyara zai ga kin iya haɗa magana.

Tunda kina aji uku, ga tarkon da ke jiranki: have ko has da siga ta uku ta aikatau, irin gone a go, went, gone, ba sa zama da lokacin da aka ambata ƙarara. "I have visited Taif" daidai ne, amma da kin ƙara last year sai ki koma "I visited".

In kin gama ki bi takardar sau uku, kowane bi da abin da yake nema. Na farko manyan baƙaƙe, waɗanda Larabci ba shi da su kwata-kwata: farkon jimla, kalmar I, sunan mutum da gari, ranaku, watanni, harsuna. Friday, Makkah, Arabic, duk da babba. Na biyu aikatau. Na uku alamomi, don hannun da ya saba da Larabci yakan rubuta waƙafi wutsiya sama, alamar tambaya kuma ta juya baya. Sakin layi biyu a mako, minti 12 kowanne, ba ƙamus ba waya. Abin da manhajar fassara ta rubuta miki ba ya shiga ɗakin jarrabawa tare da ke.

Ƙanena yana rubuta bark a wurin park, wata rana ma fark. Kalmomi kamar bird da bread kuwa duk ɗaya ne a wurinsa. Ni nake yi masa bita. Me zan gyara?
Wani yaya, Riyad

Sannu da ƙoƙari, ɗan'uwa. Yaron Hausa da ya tashi a nan tsakanin ramuka biyu yake. Larabci ba shi da p, shi ya sa a kantin unguwa Bebsi ake ce wa Pepsi. Hausa kuma f ɗinta da leɓe biyu ake yin ta, tana tsakanin p da f, shi ya sa wani zai ce fanka wani ya ce panka, ba wanda ya yi kuskure. A Turanci kuwa pan, ban da fan abubuwa uku ne daban. Haka pull, bull, full, da pin, bin, fin.

Daga baki za ka fara. Ya riƙe ƙyallen tishu ɗan nesa kaɗan da leɓensa. In ya ce pan daidai tishun zai yi tsalle saboda iskar da ta fita, in ya ce ban ba zai motsa ba. Ga f kuma madubi za ka ba shi: haƙoran sama su sauka a kan leɓen ƙasa, in leɓe biyu suka haɗu bai yi ba. V wuri ɗaya take da f, sai dai in ya dafa maƙogwaro zai ji yana rawa. Bayan kwana uku da haka sai shifta: ka faɗi kalma goma a hargitse daga waɗannan 'yan ukun, ya rubuta.

Bird da bread wata cuta ce daban. Rubutun Larabci na yau da kullum ba ya nuna gajerun wasula, ido ya saba da tsallake su ya kama baƙaƙe. To bird, bread, board da beard duk b, r, d ne, idonsa bai yi masa ƙarya ba. Ka ba shi biro biyu, ya kwafi kalmomin babin, baƙaƙe da shuɗi, wasula da ja. Sannan ya dubi kalma, ya rufe ta da hannu, ya rubuta, ya buɗe ya gwada. Wadda ya kuskure ya sake ta sau uku, ba sau ashirin ba, don bayan na uku hannu ne kawai ke aiki. Kashin ƙa'idar rubutu ya fi son wasula biyu a jere, irin na friend da beautiful, da haruffan da ba a furtawa, irin k na know, w na write, t na listen. In kuma yana juya b da d, ka zana masa kalmar bed: gado ce sak, b ce kan gadon, d ce ƙafarsa.

A jarrabawar saurare ɗana ya ce maganar gudu take yi, lambobi kuma su suka fi kayar da shi. Ko zane-zanen katun na Turanci zai taimaka?
Maman yara, Jarwal, Makka

Kaɗan, Hajiya, don hoto ne ke ba shi labarin, kunne yana hutu. Ya fi masa ya ɗauki hirar da ke cikin babin littafinsa, ta minti ɗaya, daga sautin littafin ko darussan Ain, tashar ilimi ta Saudiyya, ya ji ta sau uku: littafi a rufe, littafi a buɗe yana bi da yatsa, sannan yana tsayarwa yana maimaita kowace jimla. Ranar jarrabawa ya karanta tambayoyin kafin a kunna.

Lambobi kuwa dalilinsu a fili yake. Larabci na gabatar da ɗaiɗai kafin gomiya, khamsa wa ishrun, sai yaro ya ji twenty-five ya rubuta 52. Ki ce masa ya ƙirga da Hausa a ransa, ashirin da biyar, jerinmu da na Turanci ɗaya ne. Thirteen da thirty kuma nauyin murya ne ke raba su, na farko a ƙarshe yake dannawa, na biyu a farko. Ya kuma kiyayi hannunsa: biyar ɗin Larabci, ٥, sifili ce a idon mai gyaran Turanci, shidansu kuma, ٦, bakwai take kama.

Ni lokaci ne ke ƙare mini. Nassin karatu yake cinye ni, in zo insha'i an ce a ajiye alƙalami.
Ɗalibi, aji biyu, Jidda

Ɗana, nassin kake karantawa kamar za a ce ka fassara shi, alhali amsa biyar ko shida kawai ake nema a ciki. Ka fara da nahawu da kalmomi da ƙa'idar rubutu, masu saurin gamawa. Ka bi da insha'i, ka yanka masa minti 15 kada ya wuce. Nassi ya zo bayansu, ka bar minti biyar na dubawa.

A nassin, tambayoyi za ka fara karantawa. Ka ja layi a kalmar tambaya: who mutum take nema, where wuri, when lokaci, how many lamba, why kuma ka nemi because ko so. Ɗauki kalma mafi nauyi a tambayar ka bi nassin da yatsa har ka same ta, amsar tana jimlar ko maƙwabciyarta, kuma tambayoyin galibi a jeren nassin suke tafiya. Kalmar da ba ka sani ba ka tsallake ta, sai in ita aka tambaya. A tambayoyin gaskiya ko ƙarya, jimlar takan yi kama da ta nassi kamar an tsaga kara, an sauya abu ɗaya kawai: lamba, rana, ko an cusa not, never ko only. In aka ce it ko they na layi kaza wa take nufi, ka koma baya ka nemi sunan da ya dace da ita a tilo ko jam'i, ka sa shi a gurbinta ka karanta ka ji ko maganar ta zauna. Tambayar da ta ƙi ka bayan minti ɗaya, yi mata ɗigo a gefe ka wuce. In ka dawo ka soke zaɓi biyun da ka tabbata ba su ba ne, ka ɗauki ɗaya daga sauran, sannan ka duba lambar tambayar ta yi daidai da lambar gidan da ka cike.